Yadda za ka shirya sitiyari da saitin wasannin tseren mota kafin menu ya cinye maka lokaci

Mutum zai tara kuɗi ya sayi sitiyarin Logitech G29, ya ɗaure shi a tebur, ya kunna wasan Assetto Corsa Competizione yana ɗokin ya ga kansa a titin tseren Monza da ke Italiya. Awa guda ta wuce, bai fita gareji ba. Ya taka totur mota ta ƙi motsi, sitiyarin da ke allo yana juyin da bai dace da na hannunsa ba, ga kibod ɗin ya ture shi gefe don sitiyari ya samu wuri, alhali duk abin da menu ke nema sai da linzamin kwamfuta. Da yawa a nan suke sarewa, suna zaton na'urar ce ba ta da kyau.

Na'urar lafiyarta ƙalau. Yawancin wasannin kwaikwayon tsere ƙananan kamfanoni ne suka gina su: Kunos Simulazioni a Italiya, Reiza Studios a Burazil, Studio 397 a Holand. Ƙarfinsu ya tafi kan lissafin yadda taya ke kama kwalta da yadda nauyin mota ke komawa gaba idan an taka birki. Menu kuwa an bar shi a baya, kuma abin takaici ne, domin shi ne ƙofar da kowane sabon direba zai fara bi. Ba za ka iya gyara musu tsarin ba, amma kana iya yin aikin sau ɗaya, bi da bi, ka adana shi, yadda ba za ka sake neman linzami ba kana tsakiyar tsere.

Saitin hawa uku ne

Tushen ruɗanin shi ne abu ɗaya yana zaune a wuri uku. Akwai manhajar sitiyarin kanta, kamar G HUB ta Logitech ko Pit House ta Moza. Akwai saitin wasan. Akwai kuma saitin motar da ka zaɓa. Juyin sitiyari da nauyinsa, wato ƙarfin da injin cikinsa ke turo wa hannunka, suna bayyana a hawa biyu ko duka ukun, kuma babu wasan da zai gaya maka wanne ne ke rinjayar wanne. Shi ya sa ake farawa daga ƙasa: manhajar sitiyari, sannan wasa, sannan mota. Idan ka gama da hawa ɗaya, kada ka koma ka taɓa shi don gyara matsalar da ke hawan sama.

Kafin ka buɗe wasan

Soka sitiyarin kai tsaye a ramin USB na kwamfuta, ba ta hanyar ƙaramin marabi marar wutar kansa ba. Ka zaɓi rami guda ka dawwama a kansa, ko da za ka manna masa ɗan salatif don shaida. Wasu wasannin suna ɗaukar na'urar a matsayin sabuwa idan ka sauya rami, sai ka tarar duk maɓallan da ka ɗaura sun goge. Idan G29 ne, akwai ɗan makunni a samansa mai PS3 da PS4. A kwamfuta ka ajiye shi a PS4. Da zarar ya samu wuta zai juya da kansa zuwa ƙarshen dama da hagu yana auna iyakarsa. Ka ɗauke hannu, ka ɗauke ƙafa daga feda har ya tsaya.

A manhajar sitiyari, ka sa juyin a iyakarsa: digiri 900 ga G29, G920 da G923 na Logitech, digiri 1080 ga Thrustmaster T300 RS. A G HUB ka bar saurin amsawa a 50, ka kashe sifirin da ke mayar da sitiyari tsakiya, domin yana danne ainihin saƙon da wasan ke aiko wa hannunka.

Daga nan ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta joy.cpl. Idan sunan sitiyarinka bai fito a wannan ɗan akwatin ba, kada ka wahalar da kanka a cikin wasa, matsalar tana ga waya ko manhaja. Idan ya fito, ka taka kowace feda a hankali kana kallon layin da ke motsi a shafin gwaji ko a manhajar sitiyarin. Ya kamata ya hau sumul ya sauka sumul. Idan yana rawa ƙafarka na tsaye cak, ƙura ce ta shiga na'urar awon da ke jikin fedar. Fedojin Logitech suna da wannan lalura, kuma a wurinmu lokacin hunturu ba ta ɗaukar dogon lokaci kafin ta bayyana. Feshin wanke kayan lantarki yana maganinta, rufe fedar da ƙyalle bayan an gama wasa yana jinkirta dawowarta.

Abu na ƙarshe a wannan hawa: a Steam, manhajar da ake sayen wasanni da kunna su a kwamfuta, ka danna dama a kan sunan wasan, ka shiga Properties, sannan Controller, ka kashe Steam Input. Idan yana kunne yakan sa wasa ya ɗauki sitiyarinka a matsayin fad na hannu, ko ya ga na'ura biyu a maimakon ɗaya.

Juyi da feda a cikin wasa

Ka sa wa wasan lambar da ka sa a manhajar sitiyari, ba ƙari ba ragi. Idan 900 ce a can, 900 ce a nan. Wasan ne zai daidaita ta da motar da ka hau. Motocin tsere na rukunin GT3 a Competizione yawanci juyinsu yana tsakanin digiri 480 da 800, gwargwadon ƙirar mota, kuma wasan ya san na kowacce. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya rage juyin a manhaja zuwa 540 don ya ji motar ta fi amsawa, ya bar wasan a 900. Sai mota ta riƙa zabura da ɗan motsi kaɗan, direba yana ta gyaran sitiyari a miƙaƙƙen titi.

Gwajin ba wuya. Ka zauna a cikin mota, ka karkata sitiyarinka har ya yi kwata, hannun dama ya koma sama ko ƙasa. Na allo ya tsaya daidai inda naka ya tsaya. Idan ya wuce ko bai kai ba, lambobin biyu sun saɓa.

A wasan iRacing tsarin daban ne: sai ka shiga zaman gwaji sannan mataimakin awo zai bi da kai mataki-mataki, ya ce ka juya hagu, ka juya dama, ka tsaya a digiri 90. Wajen birki ka yi wayo. Birkin G29 yana da roba a ciki da ke taurara shi a ƙarshe, kuma idan kujerarka mai taya ce za ta gudu baya kafin ka kai ƙarshen fedar. Lokacin awo, ka taka iya ƙarfin da za ka iya maimaitawa sau ɗari ba tare da gajiya ba, wasan zai ɗauki wannan a matsayin cikakken birki. A Assetto Corsa na 2014 akwai saiti mai suna Brake gamma da ke zuwa a 2.4, wanda aka yi don fedoji masu auna tafiyar ƙafa. Idan birkinka mai auna nauyin taku ne, ka mayar da shi 1.0.

Maɓallan da za su raba ka da linzami

Shafin ɗaura maɓallai yakan zo da layuka da dama, ba tare da an nuna wanne ne dole ba. Waɗanda za ka nema mota na gudu su ne za su hau sitiyari: mai ƙayyade gudu a layin gareji, duba hagu da dama, ƙari da ragin na'urar hana taya zamewa, rabon birki tsakanin gaba da baya, fitila, da waifa. A Competizione kunna wuta daban, tayar da inji daban, maɓalli biyu ne. Wanda bai ɗaura su ba, ranar da injin ya mutu bayan mota ta juya da shi zai zauna a gefen titi yana kallon kowa na wucewa. Ko ka ɗaura su, ko ka bar wa wasan tayar da inji a shafin Assists.

Sai maɓallan zagaya ƙaramin allon bayanai da ke bayyana kana tuƙi: ɗaya na sauya shafi, huɗu na sama, ƙasa, dama, hagu, ɗaya na tabbatarwa. Madannin nan mai kusurwa huɗu na sitiyari an yi shi ne kamar don wannan aiki. G29 yana da jan maɓalli mai juyawa, ya dace da rabon birki. G920 ba shi da shi, sai ka yi tsimi. Ka yi ƙoƙari aiki ɗaya ya zauna a maɓalli ɗaya a duk wasannin da kake bugawa, domin yatsa ba ya tambayar wane wasa ake ciki. Ka rubuta tsarin a takarda ka manna a gefen allo na makon farko.

Nauyin sitiyari

Injin da ke cikin G29 ƙarfinsa bai wuce Nm 2 da ɗoriya ba (Nm ma'aunin ƙarfin juyi ne), na Fanatec CSL DD kuwa Nm 5 ne, ko 8 da babban caja. Idan wasa ya nemi ƙarfin da ya wuce abin da injin zai iya bayarwa, sai komai ya zama nauyi iri ɗaya: ba ka jin lokacin da tayar gaba ta fara sakin kwalta, ba ka jin bakin titi. Mutane suna ƙure saitin a 100 suna cewa haka ya fi kama da gaske, alhali sun toshe bayanin da suka sayi sitiyarin dominsa.

A wasannin Kunos biyun, Assetto Corsa da Competizione, akwai ɗan layi kusa da masu nuna totur da birki, wanda ke komawa ja idan ƙarfin ya ƙure. Ka je kwana mai tsawo da gudu, irin ta ƙarshe a Monza, ka kalle shi. Ja na ɗan ƙyaftawa a kan bakin titi ba laifi. Ja da ya zauna tun shiga kwana har fita yana nufin ka rage Gain, wato saitin nauyin sitiyari a wasan, da biyar-biyar har ya lafa. A tsohon Assetto Corsa maɓallan ƙari da ragi na gefen lambobin kibod suna sauya nauyin motar da kake ciki kaɗai, kana tuƙi. A iRacing ka yi zagaye biyu masu tsafta, ka danna F9, ka taɓa kalmar auto, wasan zai daidaita nauyin da kansa. Ga sitiyari mai haƙoran giya irin na Logitech, tsakiya takan zama sako-sako, ɗan ƙarin Minimum force, wajen kashi 10 cikin ɗari, yana cike gurbin. Idan ya yi yawa sitiyari zai riƙa kaɗawa da kansa a miƙaƙƙen titi.

Gargaɗi ga masu rFactor 2 da Le Mans Ultimate: da wasu sitiyarin ƙarfin yakan zo a juye, sitiyari ya riƙa fizgar kansa zuwa cikin kwana maimakon ya koma tsakiya. Ka fara gwaji da ƙarfi kaɗan, musamman idan injinka babba ne, domin yana iya murɗe maka wuyan hannu. Idan ka ga haka, ka juya alƙiblar ƙarfin a saiti.

Faɗin gani

Faɗin gani shi ne yawan abin da allo ke nuna maka daga kujerar direba, kuma a nan ma menu yana ba ka lamba ba bayani. Assetto Corsa da rFactor 2 suna auna faɗin gani daga sama zuwa ƙasa, iRacing da Automobilista 2 daga hagu zuwa dama. Lamba ɗaya ba ta aiki a duka. Allo mai inci 27 faɗinsa kusan santimita 60 ne, tsayinsa kusan 34. Idan idonka na nesa da shi da santimita 70, lissafin yana ba da digiri 27 a tsaye, 46 a kwance. Talabijin mai inci 43 a nisan mita ɗaya yana ba da 30 a tsaye, 51 a kwance. Da farko za ka ji kamar an matse ka, motar ma kamar ba ta gudu, amma nisan kwana zai fara zuwa maka daidai. Kana iya ƙara digiri kaɗan don ka ga madubi. Abin da ya fi shi ne ka jawo allon kusa, har ya tsaya dab da bayan sitiyari.

Gareji, inda menu ke kayar da direbobi

Kuskure a duk abin da ya gabata lokaci kawai yake ɓata maka. Kuskure a nan kuwa tsere yake ɓatawa.

A Competizione, iskar tayar da ka saita a shafin tayoyi ta tayoyin da za ka fara da su ce kawai. Tayoyin da makanikai za su ɗaura maka a tsakiyar tsere suna da nasu lambobin a shafin Fuel & Strategy, kuma ba sa bin na farko. Direba zai ɓata rabin awa yana daidaita iska har ta zauna, ya shiga gareji a zagaye na goma sha biyu, a sa masa tayoyi da tsofaffin lambobi, ya fito mota tana santsi bai san dalili ba. Don haka duk lokacin da ka taɓa iska a shafi ɗaya, ka kwafa lambobi huɗun zuwa ɗayan kafin ka adana.

Ga yadda ake samo lambobin. Ka ɗauki saitin da wasan ya tanada, Safe ko Aggressive, ka yi zagaye uku zuwa huɗu da gudunka na gaske, ka duba iskar kowace taya da zafinta. Tun sabuntawar 1.9 ta 2023, busassun tayoyin GT3 suna son iska tsakanin psi 26 da 27 (psi ma'aunin iskar taya ne) idan sun yi zafi. Danna ɗaya a menu psi 0.1 ne. Idan tayar gaba ta hagu ta nuna 27.6 kana son 26.8, ka rage danna takwas. Kowace taya da nata lissafin, domin titin da ya fi yawan kwanar dama ya fi dafa tayoyin hagu. Idan zafin gari zai sauya tsakanin gwaji da tsere, ƙa'idar da direbobi ke bi ita ce a ƙara 0.1 ga kowane digiri ɗaya da zafi ya sauka, a rage idan ya hau.

Mai ma tarko ne. Wasan ba ya ƙara maka mai don ka tashi daga zagayen neman gurbin da za ka tashi zuwa tseren kansa. Wanda ya zuba lita 15 don mota ta yi sauƙi, ya manta, da ita zai tashi. Maganin shi ne saiti biyu masu suna a fili, ɗaya na neman gurbi ɗaya na tsere, da zafin gari a jikin sunan. Lissafin man kuwa haka yake: tseren minti 25 daƙiƙa 1500 ne. Idan zagayenka minti 1 da daƙiƙa 48 ne, wato 108, ka raba, ka samu 13.9, ka cika shi 14. Ka ƙara zagaye ɗaya saboda zagayen ɗumama taya da abin da ka iya tasowa, 15 ke nan. Idan allon motarka ya nuna tana shan lita 3.2 a zagaye, lita 48 za ka zuba. Ka ɗauki yawan shan daga allon motarka, kada ka ɗauka daga bakin wani.

A iRacing akwatunan bayanai suna kan maɓallan F: F3 yana nuna wanda ke gabanka da bayanka, F4 mai, F5 tayoyi. Matsalar ita ce wasan yakan mayar da alamun sauya taya da zuba mai da kansa bayan ka fita gareji, sai ka shigo don ɗan mai kaɗan ka ga an ɗaga mota ana kwance tayoyi huɗu. Ka buɗe fayil ɗin app.ini, wasan yana rufe, ka nemo autoResetPitBox ka mayar da shi 0. Idan ka gyara fayil ɗin wasan na kunne, zai rubuta nasa a kai lokacin fita. Sannan ka yi amfani da gajerun umarnin rubutu da ake ɗaurawa a maɓalli: #clear yana share komai, #clear tires yana hana sauya taya, #fuel 20l yana neman lita 20. Alamar $ a ƙarshen umarni tana aika shi ba sai ka danna Enter ba. Alt da K kuma suna ba ka damar jan akwatunan zuwa inda ba za su tare maka kwana ba.

Kowane wasa kake bugawa, ka yi atisayen shiga gareji sau biyar kai kaɗai, da maɓallan sitiyari zalla, kafin ka shiga tsere da mutane. Wurin taɓa allon bayanai shi ne miƙaƙƙen titi mafi tsawo, zagaye ɗaya kafin ka shiga, ba bakin ƙofar gareji ba inda kake birki kana neman maɓallin ƙayyade gudu.

Ka adana kwafi

Duk wannan wahala tana zaune a ƙananan fayiloli. A cikin Documents, Competizione yana ajiye maɓallai a Config, saitin motoci a Setups, kowace mota da foldarta, kowane titi da tasa. Shi ya sa saitin da ka adana a Monza ba ya fitowa a titin Spa: sai ka kwafi fayil ɗin da hannu zuwa foldar ɗaya titin. Tsohon Assetto Corsa yana da cfg da setups. A iRacing ka kwafi controls.cfg, joyCalib.yaml da app.ini. Na rFactor 2 suna cikin UserData a inda aka girka wasan. Ka zuba su a filashi, ka sa kwanan wata a sunan foldar, ka maimaita kafin kowace babbar sabuntawa. Idan ka duba Documents ba ka ga komai ba, ka leƙa cikin OneDrive, Windows yakan mayar da foldar can.

Inda wuta ba ta da tabbas wannan ya zama wajibi, domin ɗaukewarta lokacin da wasa ke rubuta fayil tana iya lalata shi. Sitiyarin ma da cajarsa yake aiki: kwamfutar cinya za ta ci gaba da batir, shi kuwa nauyinsa zai ɗauke. Ƙaramin UPS, wato batirin ajiyar wuta, da zai riƙe sitiyari, allo da na'urar intanet na 'yan mintuna ya wadatar ka kammala zagaye ka fita lafiya.

Assetto Corsa na 2014 da Gran Turismo 7

Mai tsohon Assetto Corsa ya huta da menu ɗinsa gaba ɗaya. Ka buɗe wasan sau ɗaya ta hanyarsa ta asali don ya ƙirƙiri foldojinsa, sannan ka sauke Content Manager, manhajar da wani mai sha'awar wasan ya rubuta, wadda ke da sigar kyauta. Mota, titi, yanayi da lokaci duk suna shafi ɗaya, tana adana tsarin maɓallai da suna, sabuwar mota kuma jan fayil ɗinta kawai za ka yi ka saka a kan tagar.

Gran Turismo 7, wanda ya fito a Maris 2022 a PS4 da PS5, ya sauƙaƙa ɓangaren sitiyari: shi ke saita juyi, nauyi kuma lambobi biyu ne daga 1 zuwa 10. G29 yana aiki da shi, G920 ba ya yi, don haka ka duba kafin ka biya kuɗi. Wahalarsa tana wajen yawo a taswira, sayen kayan gyara a shago ɗaya, ɗaura su a wani shafi. Ka buɗe takardar saiti daban ga kowane irin tsere, ka sa mata suna, maimakon ka riƙa goge guda ɗaya. Mafi yawan sassansa suna buƙatar intanet, har da adana ci-gaba. A watan da ya fito, gyaran sabar ya hana mutane wasa sama da awa 30. Idan da datar waya kake haɗawa, ka kashe sauke sabuntawa ta kai tsaye a saitin na'urar, ka duba girman fayil kafin ka amince, kuma ka kunna na'urar tun da rana idan kuna da tsere da dare, domin sabar ba za ta karɓe ka da tsohuwar siga ba.